Yatsun Mai Ɗakina

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi ne Ya san abin da ya wuce da abin da ya rage mana.

Ni da mai ɗakina a Jidda muka haɗu, a Jidda kuma aka ɗaura mana aure, a wani tsohon gida a unguwar Sa'alaba wanda gishirin teku ya cinye rabin bangonsa. Daga ni har ita babu mai takarda. Ni na shigo da bizar umra ina saurayi na ƙi komawa. Ita kuma ta biyo gwaggonta aikin hajji, gwaggon ta rasu a Mina, ta rasa wanda zai mayar da ita, sai ta tsaya. Irinmu ake kira takari. Wani malami ɗan ƙasar Zinder ne ya shafa fatiha, shaidu biyu suka zauna, aka raba dabino, shi ke nan. Babu wanda ya yi zancen rubuta wani abu, don a lokacin duk abin da ke ɗauke da sunan mutum abin tsoro ne.

Ni tela ne, labule nake ɗinki a shagon wani dattijo a Ammariyya. Shi haifaffen Jidda ne, ɗan ƙasa, amma kakansa daga ƙasar Hausa ya tako da ƙafa har ya iso. Ammi nake ce masa, wato baffana da Larabci, shi kuma ya ce mini Mu'allim, saboda ya ga ina rubuta awon tagogi da ajami a jikin kwali. Yakan ɗauki kwalin ya jujjuya, ya ce harufan nasu ne amma sun ƙi gaishe shi. Mai ɗakina kuwa wanki da goge-goge take yi a gidajen mutane a Ruwais. Allah bai nufe mu da haihuwa ba. Mun nemi magani iya nema, daga baya muka bar wa Mai shi. Saboda haka ita ce tawa, ni ne nata, babu na uku. Idan muka idar da sallar asuba mukan ɗan zauna a kan darduma, addu'armu ɗaya ce kullum: Allah Ya ɗauki ranmu a ƙasar nan, a sallace mu a Harami.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata tsohuwa mai sayar da yaji da kuka da daddawa, kowa Khala yake ce mata. Sau uku aka kama ta aka mayar da ita gida, sau uku ta dawo. Idan tana ba da labarin sai ka ɗauka yawon buɗe ido ta je. Takan ce ita ba ta taɓa sayen tikitin komawa ba, jirgin kyauta take hawa, har abinci a ba ta, ta je ta ga jikoki, ta ci tuwon dawa ya ishe ta, sannan ta nemi bizar umra ta dawo ɗakinta. Ba ita kaɗai ba. Hanyar takari ke nan tun kafin mu zo. Wanda yake son zuwa gida ba shi da fasfo sai ya ɗaure kayansa ya je ƙarƙashin wata babbar gada ya zauna tare da masu zama, har ranar da motar askarawa za ta zo ta kwashe su zuwa tarhil, wato gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Sharaɗin abin guda ne, kowa kuma ya san shi: idan an tambaye ka suna a can, kada ka ba da naka. Ka ba da wani suna da wani gari, naka na gaskiya ka ajiye shi da tsabtarsa don ranar dawowa.

Wata shekara aka aiko cewa mahaifiyar mai ɗakina ta kwanta, kwanciyar da ba a sa ran tashi, a ƙauyensu a ƙasar Katsina. Rabonta da ita tun tana budurwa. Ta yi kwanaki ba ta cin abinci sosai. Ranar da ta yi magana, ba shawara ta kawo ba, izini ta nema.

"Malam, ka yarje mini in je in ga Inna. Idan ta tafi ban gan ta ba, ban san yadda zan zauna da kaina ba."

Na yarje mata. Wa zai hana? Khala ta shigo ta zauna a bakin katifa tana koya mata yadda ake yi: kada ta ɗauki kaya masu yawa, ta riƙe bargo don sanyin siminti, ta ɗaure kuɗinta a lalitar ciki. Da aka zo kan suna, mai ɗakina ta ce za ta ba da na yayarta da ta rasu tun suna yara, don kada ta manta idan an kira. Khala ta ce dabara ta yi kyau, ita har ta taɓa manta nata, aka yi ta kira tana zaune tana kallon mai kiran.

Na raka ta har kusa da gadar, amma ban isa in tsaya tare da ita ba, don idan motar ta zo ba za ta tambayi wanda ya zo rakiya ba. Na tsallaka titi na tsaya gefen wani mai sayar da lemo ina hangen ta. Mutane ne birjik a ƙarƙashin gadar, baƙaƙe da farare, wasu sun kafa zani sun yi ɗaki, motoci na wucewa ta samansu ba dare ba rana. Ta samu wuri kusa da wasu mata 'yan Nijar ta shimfiɗa bargonta. Ta yi kwanaki a nan. Kullum bayan la'asar nakan kawo abinci in ba Khala ta tsallaka da shi, don ita ba ta jin tsoron kowa. Wata rana muka zo muka tarar an share wurin, sai kwalaye da takalma warin-wari.

Sai da ta isa gida na ji muryarta. Ta samu Inna da rai, har ta gane ta. A cikin labarin tarhil da take ba ni, da zafi da cunkoso da layin banɗaki, ta ce akwai abin da ya ba ta dariya. Kafin a sa su a jirgi an jera su, kowa ya ɗora yatsunsa a kan wani ɗan gilashi mai koren haske. Ta ce ita ta san dangwala yatsa, abin da ake sa wanda bai iya rubutu ba ya yi a madadin sa hannu, amma wannan ko tawada babu, ta duba yatsunta ba ta ga komai ba. Muka yi dariya tare. Ni ma abin da na ɗauke shi ke nan, sa hannun marasa karatu. Na ce mata da sun ba ta alƙalami da ta nuna musu ajamin da na koya mata.

Inna ta yi wasu watanni sannan ta cika, kanta a kan cinyar 'yarta. Bayan an yi sadakar arba'in muka fara zancen dawowa, sai muka tarar bizar umra ta yi wuya, ba a ba mace irinta sai da sharuɗɗan da ba mu da su. Muna cikin wannan sai aka buɗe ƙofar gyaran takardu ga waɗanda suka daɗe a ƙasar. Ammi ya kira ni cikin shago ya ce ya gaji da ɓoye ni a bayan labule duk sanda aka ce ana kame, zai zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma. Na yi ta sintiri tsakanin ofishin jakadancinmu da ofishin takardu, rana na dukan mu a layi, har Allah Ya sa aka ba ni iƙama, wato izinin zama. Na fito da ita a hannu, ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba, na zauna a gefen titi na yi ta kallon sa. Furfura ta riga ta fito mini kafin in ga sunana a kan wani abu na ƙasar nan. Ranar na tafi Makka a motar haya ta babbar hanya, ba ta cikin duwatsu irin ta marasa takarda ba, aka tsayar da mu a shinge, na miƙa katin aka ce mu wuce.

Amma a wancan ofishin na ga abin da ya tsaya mini a rai. Kafin a ba mu katin, mu ma an sa mun ɗora yatsu a kan gilashi mai koren haske. Mutumin da ke gabana, wani ɗan Sudan, yana ɗorawa sai ma'aikacin ya dubi allon da ke gabansa ya daɗe, sannan ya kira shi da wani suna daban. Aka fitar da shi daga layi ta wata ƙofa. Na tambayi na bayana, ya ce basma ce ta kama shi, wato zanen yatsu, an taɓa fitar da shi ta tarhil.

Ban ɓoye wa mai ɗakina ba. Na gaya mata a waya abin da na gani. Ta ce ai mutanen da aka fitar ba su ƙirguwa, wa zai zauna ya adana yatsun kowa? Ta ce mu gwada, abin da Allah Ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Na kai maganar wurin mutumin da ke yi wa Ammi zirga-zirgar takardu, ya ce shi abin da ya sani, nema da suna da lambar fasfo ake yi, idan sunan ba shi da tabo biza za ta fito, sauran kuma ba ya cikin aikinsa. Khala kuwa tsaki ta yi.

"Gilashi ne zai hana mace ɗakinta? Ka ce ta yi ƙunshi, ta ɗaura lalle ya kama ƙwarai har kan yatsu, ta maimaita sau biyu. Na'ura ba ta gani ta cikin lalle. Ka ga ma riba biyu, ya Mu'allim, ka samu amarya."

Na ce mata ni ba zan ce a yi ba, ba zan ce a bari ba, lalle adon mata ne. Ta ce ba sai na ce ba, ita za ta kira ta.

Ɗauko iyali ga mai iƙama ba ƙaramin aiki ba ne. Da farko aka ce sana'ar da ke kan katina ta lebura ce, lebura kuwa ba ya kawo mata. Ammi ya shiga ya fita har aka sauya mini sana'a zuwa wadda ake yarda da ita, ya rubuta takardar albashi aka buga mata hatimi. Sai aka ce a kawo takardar aure. A nan na tsaya ina kallon ma'aikacin, don aurenmu ya girmi wasu daga cikin masu aiki a ofishin amma ba shi da ko layi ɗaya a rubuce. Malamin da ya ɗaura ya rasu, shaida ɗaya ya rasu, ɗayan an daɗe da mayar da shi Agadas. Sai ƙanin mai ɗakina da limamin ƙauyensu suka je gaban alƙali a can gida, ni kuma na wakilta wani ɗan uwana, aka tabbatar da auren aka rubuta. Takardar ta je an fassara ta da Larabci, ta bi ofis-ofis ana buga mata hatimi har bayanta ya cika, sannan wani alhaji ya kawo mini ita a cikin jakarsa. Mai ɗakina ta yi fasfo da sunanta na yanka, sunan da muka ajiye da tsabtarsa.

Ana cikin haka na bar ɗakin Sa'alaba na kama ciki da falo a wani tsohon gida a Ruwais, mai ɗan madafi da banɗakinsa, ba na haɗaka ba. Unguwar da ta yi shekaru tana shiga ta ƙofar baya da bokiti, na so ta shige ta da mabuɗinta a hannu. Tagogin dogaye ne irin na da, iskar teku na shigowa da yamma. Ammi ya ce in zaɓi yadin da nake so a shago. Na zaɓi wani kore mai nauyi, na ɗinka labule da hannuna, na yi masa ninki irin wanda nake yi wa gidajen masu hali. Duk shekarun nan labulen mutane nake ɗinki, namu ɗakin tsohon zani ne a tagarsa.

Ranar da aka miƙo mini takardar izinin kawo ta, wata 'yar takarda ruwan ɗorawa, na yi sujada a farfajiyar ofishin. Na aika mata lambar. Ta je Kano aka yi mata gwajin lafiya, aka buga mata biza a fasfo ba tare da wata tambaya ba. Da na ji haka sai zuciyata ta ɗan kwanta. Na ce a raina da akwai wani abu, da tun a can ya fito.

Jirginsu da rana ya sauka. Ammi da kansa ya kai ni a motarsa, yana ta zolayata a hanya cewa na sa turare kamar mai zuwa neman aure. Muka tsaya a bakin ƙofar fitowa inda ake jira. Mutanen jirgin suka fara fitowa, na gane su da jakunkunansu da Hausarsu. 'Yan kasuwa suka wuce, masu umra suka wuce a jere bayan mai tuta, wata tsohuwa a keken guragu ta wuce. Na tare wata mata na kwatanta mata mai ɗakina, ta ce ta gan ta, a kusa da ita ma ta zauna, mai baƙin lalle har wuyan hannu, tana can baya a layi. Muka ci gaba da jira. Ƙofar ta daina buɗewa. Aka kira la'asar, muka yi salla a masallacin wurin, muka dawo. Wani jirgin ya sauka daga wata ƙasa, mutanensa suka fito suka ƙare. Ammi ya daina zolaya, ya shiga neman wanda ya sani.

Can sai ga shi da wani ma'aikaci cikin kaki, magidanci, baƙi kamar ni. Ammi ya ce ɗan unguwarsu ne, iyayensa Hausawa ne. Mutumin ya gaishe ni da hannu biyu. Yana jin Hausa sarai amma ba ta fita a bakinsa sai da ƙyar, yana yi yana komawa Larabci. Ya ce da ta ɗora yatsu na'urar ta ƙi karantawa saboda lallen, aka ajiye ta gefe, aka kira wata ma'aikaciya ta kawo ruwan goge hannu suka yi ta gogewa, aka sake gwadawa, aka sake. Daga ƙarshe ta karanta. Yatsun suka fito da wani suna da hoton mai ɗakina a tarhil.

"Baba, haƙuri," in ji shi. "Yatsu ɗaya, suna biyu. Mamnu', an hana. Ba ni iya komai, wallahi."

Na ce a bar ni in gan ta ko daga nesa ne. Ya ce wurin da take ba a shiga, kuma da jirgin da ya kawo ta za a mayar da ita. Ya ɗan yi tunani, ya karɓi lambata ya koma ciki. Jim kaɗan wayata ta yi ƙara, na ɗauka sai na ji muryarta.

"Malam, kana nan?"

Na ce ina nan, bango ne kawai tsakaninmu.

"Sun kira ni da sunan Yaya. Na ɗaga kai kafin in tuna." in ji ta. "Na zo maka da daddawa da kuɓewa busasshiya, ga su can cikin jaka, sun ce tare za mu koma. Ka ci abinci kuwa?"

Na ce na ci, alhali ban ci ba. Ta ce hannunta na zafi, sun goge shi har ya yi ja, amma lallen bai fita ba. Ta tambaye ni wane launi ne labulen. Na gaya mata. Ta ce ya yi. Sannan mai wayar ya ce lokaci ya yi.

Ban yarda mun tafi ba sai da aka tabbatar mana jirgin ya tashi. A hanyar dawowa Ammi salati kawai yake yi. Ya sauke ni a Ruwais. Na shiga na tarar da shinkafar da na sa maƙwabciya ta dafa tana nan a rufe, na kai wa masu gadin wani gini da ke kusa.

Bayan haka na bi duk ƙofar da aka nuna mini. Na zauna gaban masu rubuta koke a bakin ofis, aka rubuta mini da Larabci mai kyau, na kai, aka karɓa, aka ba ni lamba. Ammi ya sa tsufansa ya je da kansa wurin waɗanda ya sani. Wani ya ce hanin na wasu shekaru ne, mu jira. Wani ya ce wanda aka fitar ta tarhil ya fita ke nan. Wani kuma ya ce da da sunanta ta fita da akwai magana, amma suna biyu a kan yatsu ɗaya ba mai sa hannu a kai. Babu wanda ya wulakanta ni, kowa da ladabi yake cewa in yi haƙuri. Shekarun da aka ce mu jira suka cika, na sake nema, a wannan karon ko Kano ba ta wuce ba, don an kai irin gilashin can.

Khala ba ta sake ba da labarin jirgin kyauta ba. Ranar da na je na gaya mata, ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce duniyar da ta sani ta tashi ba a gaya mata ba. Ta nemi in yafe mata, na ce ba ta yi mini komai ba, hanyar da ta bi ta fita lafiya ita ta nuna. Daga nan ta daina fita ko bakin titi, don ta gane idan aka kama ta wannan karon babu dawowa. A ɗakinta ta rasu, aka binne ta a Jidda.

Da na samu hutu na farko na yanki tikiti na tafi gida, da bizar fita da dawowa a fasfona. Na saki gidan Ruwais kafin in tafi, na cire labulen na ninke su a ƙasan akwati. Na tarar da ita a gidan mahaifiyarta, ta rame, ta yi duhu, tana kiwon 'yan awaki tana koya wa matan unguwa karatu da rana. Tagar ɗakinta ba ta fi faranti ba. Ta warware labulen a tsakar gida tana dariya, ta ce wannan ai sai ya rufe ɗakin gaba ɗaya har da rumbu. Ta yanke guda ta rataya a ƙofa, sauran ta mayar cikin akwati.

Na bari sai da hutun ya yi nisa sannan na gaya mata abin da na yanke. Muna zaune da hantsi a inuwar ɗaki tana tsince wake. Na ce idan na koma zan ce wa Ammi ya yi mini fita ta ƙarshe, in mayar musu da katinsu, in dawo in kafa kekena a kasuwar ƙauyen. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa zai ɗinka labule a garin da babu taga? Ta lissafa mini waɗanda ke ci daga abin da nake aikowa, ita da ƙaninta da marayun da Inna ta bari a hannunta. Na ce Allah ne ke ciyarwa, ba Jidda ba. Ta ce haka ne. Sai ta ajiye farantin.

"Malam, mu biyu muka roƙi abu ɗaya, shekara da shekaru, a kan darduma ɗaya. Ni yatsuna sun hana ni. Kai me zai hana ka? Idan ka dawo, mu biyu muka rasa. Ka zauna. Idan ka je Harami ka yi ɗawafi ka sa ni a ciki."

Na ce mata miji wurin matarsa yake. Ta ce ta sani, kuma ba ta ce in daina zuwa ba. Na ce idan ciwo ya kama ta fa, ina can? Ta ce ita ma ta yi shekaru tana can Inna na nan, kuma Allah Ya kai ta a kan lokaci. Na tambaye ta ko tana nadamar zuwan da ta yi. Ta ce ko yau aka ce ta zaɓa, ƙarƙashin gadar za ta koma ta shimfiɗa bargonta. Daga nan ta ɗauki farantin ta ci gaba da tsintar wake.

Na yi istihara, na sake yi, ban ga abin da ya fi maganarta ba. Na koma.

Yanzu ina ɗaki guda a Sa'alaba, ba nisa da wanda muka zauna. Ammi ya rasu, babban ɗansa ne kafilina, yana sabunta mini iƙama duk shekara ba tare da na roƙa ba. Idona ya fara rauni, zare sai na lalubi ramin allura. Nakan je gida idan hutu ya samu, wani lokaci shekara ta zagayo ban je ba. Muna magana a waya bayan sallar asuba, ita tana can gari bai waye ba tukuna, sai ta ce in yi addu'ar ita za ta ce amin. Ba mu sauya addu'ar ba, sai dai ita ta daina sa kanta a ciki, ni kuma ban daina sa ta ba.

Duk sanda na dawo daga wurinta nakan bi layi a filin jirgin nan, ta wurin da aka tsayar da ita. Nakan duba gefe in ga kujerun da ake ajiye mutane, ban san wacce ta zauna a kai ba. Idan layi ya zo kaina in miƙa fasfo da kati, in ɗora yatsuna a kan gilashin. Hasken ya yi kore, ma'aikacin ya buga hatimi ko kallona bai yi ba, ya ce yalla, wuce. In ɗauki jakata da daddawar da ta ɗaure mini a ciki, in fita ta ƙofar ni kaɗai.